Tambayi Likita: Me ya sa aka ce Inna ta ci ayaba, aka hana Baffa?

Wasiƙu da dama da suka iso mana a wannan wata sun karkata ne ga sinadarin fotasiyam, wanda masu hawan jini da masu ciwon sukari suke gani a takardar gwajin ƙoda an yi masa alama da harafin K. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani malamin firamare a ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta daɗe da hawan jini, tana shan amlodipine da hydrochlorothiazide. A zuwanta asibiti na bayan nan an ce fotasiyam ɗinta ya sauka zuwa 3.2, aka umarce ta da ta yawaita cin ayaba da wake da ganye. Yayan mahaifina kuma, Baffa, yana da hawan jini da ciwon sukari, yana shan lisinopril da metformin. Shi da aka auna nasa sai aka sami 5.8, likitansa ya hana shi ayaba da dabino, ya ce ya rage wake. A tukunya ɗaya ake dafa musu abinci a gidanmu, kuma Baffa ya dage cewa likitocin ne ba su san abin da suke yi ba. Maganar wa za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Inna da Baffa lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da su. Ka sanar da Baffa, cikin ladabin da ya dace da girmansa, cewa likitocin nan biyu ba su saɓa wa juna ba. Kowannensu ya duba abin da ƙodar maras lafiyarsa take yi da fotasiyam da kuma irin ƙwayar da yake sha, kuma a waɗannan abubuwa biyu Inna da Baffa sun yi hannun riga, ko da yake dukansu hawan jini ne ya kai su asibiti.

Fotasiyam sinadari ne daga dangin gishiri wanda jiki ba ya ƙirƙirar sa, sai dai ya samo shi daga abinci. A jikin babban mutum mai nauyin kilo 70 akwai kimanin giram 140 nasa, kuma kashi 98 cikin 100 yana ƙunshe ne a cikin ƙwayoyin halitta, musamman na tsoka. Ragowar, wadda ba ta kai giram 3 ba, ita ce take yawo a cikin jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halittar. Abin ya yi kama da hatsin magidanci, wanda mafi yawansa yake cikin rumbu, sai ɗan abin da aka ɗebo a ƙwarya domin tuwon dare kaɗai ne a fili. Gwajin jini ƙwaryar yake aunawa, ba ya leƙa rumbu, kuma abin da ake so a gani a cikinta shi ne 3.5 zuwa 5.0 na milimol a kowace lita.

Dalilin da ya sa jiki yake tsare wannan ƙanƙanin ma'auni da tsanani shi ne, bambancin da ke tsakanin fotasiyam na cikin ƙwayar halitta da na wajenta shi ne tushen 'yar wutar lantarkin da jijiyoyi da tsoka da zuciya suke aiki da ita. A jikin bangon kowace ƙwayar halitta akwai ƙananan famfuna da ba sa hutawa dare da rana, suna fitar da sodiyam (sinadarin da ke cikin gishirin miya) uku waje suna shigo da fotasiyam biyu ciki, kuma wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jens Skou ne ya gano su a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a kan haka a 1997. Idan na jini ya yi ƙasa, mutum yakan ji mutuwar jiki, tsokar ƙwauri ta riƙa ɗaurewa, bayan gida ya yi tauri, zuciya ta riƙa tsallake bugu. Idan kuwa ya yi sama, sau da yawa babu alamar komai har sai ya kai 6.5 ko fiye, inda zuciya take iya rikicewa ta tsaya farat ɗaya. Wannan shirun ne ya sa likitan Baffa bai jira Baffa ya koka ba kafin ya ɗauki mataki.

Abincin yini ɗaya yana iya ƙunsar fotasiyam fiye da duk wanda ke cikin jini, saboda haka jiki yana da matakan kariya biyu. Na farko shi ne insulin, wanda yake fitowa daga wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi da zarar an ci abinci. Mutane sun san shi da shigar da sukari cikin ƙwayoyin halitta, amma kuma yana ƙara wa famfunan nan ƙaimi, ya kwashe fotasiyam daga jini zuwa cikin tsoka da hanta cikin mintoci kaɗan. Wannan ajiya ce ta wucin gadi. Mataki na biyu, wanda shi ne mai ɗorewa, aikin ƙoda ne, wadda take fitar da kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da aka ci ta fitsari, hanji ya fitar da sauran. Ƙoda kuma ba gaban kanta take yi ba, tana bin umarnin wani sinadari mai suna aldostiron, wanda yake fitowa daga wani ɗan ƙullutu da ke zaune a bisa kowace ƙoda, kuma saƙonsa gare ta shi ne ta riƙe gishiri ta saki fotasiyam.

Ga mai hawan jini wanda ƙodarsa take lafiya, fotasiyam na abinci alheri ne. Yana sa ƙoda ta zubar da sodiyam ta fitsari, yana kuma sassauta bangon jijiyoyin jini, alhali idan ya yi ƙaranci a abinci ƙoda takan ƙara riƙe gishiri, jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa babban mutum ya riƙa samun aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam daga abinci a kowace rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A ganina cimar ƙauye ta asali, tuwon dawa ko gero da miyar kuka, wake, kabewa, rama da zogale, ta fi cimar da ke maye gurbinta kusa da wannan shawara nesa ba kusa ba. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa bai wuce miligiram 35 na fotasiyam ba, ga kuma taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano da ake marmasawa biyu-uku a tukunya, waɗanda kusan sodiyam ne zalla.

Inna dai ƙodarta tana aiki, ƙwayar hydrochlorothiazide ce take sa ta zubar da gishiri da ruwa, kuma a wannan zubarwa fotasiyam yake bi. Haka furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, yake yi, har ma ya fi. Wannan bai mai da maganin nata abin gudu ba, domin wani bincike da aka gudanar a ƙasashen Afirka 6, har da Najeriya, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin amlodipine da hydrochlorothiazide yana cikin waɗanda suka fi saukar da jini a jikin baƙar fata. Sai dai 3.2 abin gyara ne, kuma abinci kaɗai ba safai yake cike giɓin da ƙwaya take buɗewa kullum ba. Likitanta yana iya rage mata ƙarfin ƙwayar, ko ya haɗa ta da amiloride mai hana zubar fotasiyam, irin haɗin da ke cikin Moduretic, ko ya ba ta ƙwayar fotasiyam na ɗan lokaci sannan a sake aunawa. A kuma auna mata sukari, domin ƙarancin fotasiyam yana rage fitowar insulin, kuma yana cikin dalilan da suke sa wannan rukunin magani ya ɗaga sukarin wasu. Idan aka yi duk wannan fotasiyam ya ƙi zama daidai, jini kuma ya ƙi sauka duk da magani iri uku, to a binciki ko ƙullutun nan na bisa ƙoda ne yake fitar da aldostiron fiye da ƙima, ciwon da likita Jerome Conn na Amurka ya bayyana a 1955, wanda kuma yana da maganinsa na musamman.

Game da ayaba, kada tsadarta a kasuwannin ƙauye ta dame ku. Giram 100 nata yana da kimanin miligiram 360, alhali busasshen wake mai wannan nauyi ya haura 1,000, gyaɗa da dabino suna kusa da 700, ɗanyar doya kuma kimanin 800. Inna ta riƙe wake da alayyahu da kabewa da dankalin Hausa, sun ishe ta.

Baffa kuwa abubuwa ne suka taru masa. Ciwon sukari na shekaru yana lalata matatar ƙoda a hankali, kuma tun kafin lalacewar ta yi nisa yakan raunana sashen ƙodar da ke fitar da renin, sinadarin da ke tayar da aldostiron, saboda haka umarnin sakin fotasiyam ba ya isa da ƙarfi. Shi ya sa mai ciwon sukari yake iya samun hawan fotasiyam a matakin ciwon ƙoda wanda wani daban ba zai samu ba tukuna. Lisinopril, da 'yan'uwansa irin su ramipril da losartan da telmisartan, suna ƙara rage aldostiron ɗin, domin ta wannan hanya suke aiki. Sannan insulin ɗinsa bai wadata ba, don haka ajiyar gaggawa ta bayan cin abinci ma ta yi rauni. Ayabar da jikin Inna zai sarrafa ba tare da wata wahala ba, a jikin Baffa takan daɗe a jini.

Duk da haka kada Baffa ya bar lisinopril da ra'ayin kansa, domin wannan ƙwaya tana cikin 'yan kaɗan da aka tabbatar suna jinkirta lalacewar ƙodar mai ciwon sukari, kuma likitoci sukan fi son gyara abinci da sauran magunguna domin a ci gaba da ita. Abin da nake so ka binciko shi ne abin da yake saye a kemis ba da sanin likita ba. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda dattawa suke sha bayan wunin gona, suna rage jinin da ke shiga ƙoda su ɗaga fotasiyam, Septrin da ake sha don tari ko ciwon mara shi ma yana ɗaga fotasiyam. Ka kuma duba ko yana shan ruwan dafaffen zogale ko wani jiƙon ganye a matsayin maganin sukari, domin fotasiyam yana narkewa a ruwa, kuma mafi yawan abin da ya fita daga ganyen a cikin wannan ruwa yake.

Wannan narkewa ita ce kuma mafitarku a kan tukunya ɗaya. A jiƙa wake tun dare a zubar da ruwan jiƙon, a tafasa shi a sabon ruwa a sake tsiyayewa kafin a ƙarasa dahuwa. Doya da dankali a fere su, a yanka ƙanana, a dafa a ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Zogale da rama a tafasa a matse kamar yadda ake yi wa kwaɗo. A rage kauɗar tumatir da tumatirin gwangwani a miyar da Baffa zai sha, domin busarwa da kaurarawa suna tattara sinadarin wuri guda. Inna kuma a ƙara mata nata a gefe, gyaɗa ko lemu ko ayaba idan ta samu. A maimaita wa Baffa gwajin cikin 'yan kwanaki, tare da na ƙarfin ƙoda, domin adadin metformin ɗin da zai sha ma ya danganta da shi.

Tambaya daga wata uwargida a ƙaramar hukumar Bichi, Kano: Likita, ina yi maka fatan alheri. Maigidana yana da hawan jini. Na ji a rediyo cewa fotasiyam yana saukar da jini, ɗana kuma ya ce a makaranta an koya musu cewa kanwa ita ce fotasiyam. Tun daga nan nake dama masa kunun kanwa kullum da safe. Wata ƙawata kuma ta kawo mini tsarabar wani gishiri daga birni wanda aka ce na masu hawan jini ne. Shin na yi daidai?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri bisa kula da maigida, amma ki dakatar da kunun kanwar nan daga yau. Kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga da yankin Tafkin Cadi, ko ja ce ko fara ko ungurnu, mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne haɗe da sinadarin kabonet, fotasiyam ɗin cikinta kuwa ɗan kaɗan ne. Sodiyam ɗin nan shi ne dai na cikin gishirin miya, kuma jiki ba ya bambanta daga inda ya fito: yana riƙe ruwa, ya ƙara yawan jini a jijiya, ya ɗora wa zuciya nauyi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da kumburin da suke gani a wurin masu jego da kunun kanwa da kuma zafin wankan jego. Ɗan ƙwarya-ƙwaryan da ake jefawa a miyar kuɓewa ko a wake domin ya yi saurin nuna ba shi nake nufi ba, ko da yake shi ma yana shiga lissafin gishirin yini. Kofi cike da kunu mai kanwa kowace safiya ga mai hawan jini shi ne abin da nake hana ki.

Ruwan toka kuwa labarinsa daban ne. Idan aka ƙone karan dawa ko na gero ko ƙaiƙayi, aka zuba tokar a matsami ko tsumma aka tsiyaye ruwanta, abin da yake sauka yana da fotasiyam mai yawa, domin tsiro yana tara shi daga ƙasa kuma wuta ba ta cinye shi. Ga gidan da kowa ƙodarsa lafiya take, ɗan abin da ake zubawa a miya ba abin damuwa ba ne. Ga gidan da akwai mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon sukari da ke shan lisinopril ko losartan ko spironolactone, magungunan da ke riƙe fotasiyam a jiki, a nan gizo ke saƙar, domin babu wanda ya san adadin da ke cikin kowane ludayi, kuma likita ba ya tunawa ya tambaya.

Gishirin da aka kawo miki, ki duba jikin kwalinsa, za ki tarar an maye gurbin wani kaso na sodiyam da fotasiyam. Yana da amfani na gaske. A wani babban bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin a kan mutane kusan 21,000, wanda aka wallafa a 2021, waɗanda suka yi girki na kimanin shekara 5 da gishirin da kashi 25 cikin 100 nasa gishirin fotasiyam ne sun sami raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 12. Amma masu binciken ba su sa masu ciwon ƙoda mai tsanani ba, ba su kuma sa masu shan ƙwayar fitsari mai riƙe fotasiyam ba, kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan irin wannan gishiri a 2025 ta cire masu ciwon ƙoda da masu juna biyu da yara daga shawarar. Ba ki faɗi magungunan da maigida yake sha ba. Ku tafi asibiti da su da kwalin gishirin gaba ɗaya, a yi masa gwajin ƙoda, idan likita ya amince sai ki fara, kina tuna cewa duk wanda ke cin tukunyar zai ci.

Tambaya daga wani matashi a ƙaramar hukumar Gwaram, Jigawa: Ranka ya daɗe Likita. Ƙanena ɗan shekara 17 yana da ciwon sukari irin na allura. Allurarsa ta ƙare, bayan kwana biyu ya fara amai da ciwon ciki da numfashi da ƙarfi, muka kai shi asibiti a sume. Takardar gwaji ta nuna fotasiyam ɗinsa 5.7, wato ya yi yawa, amma bayan 'yan sa'o'i na ga ana zuba fotasiyam a cikin ƙarin ruwan da ake yi masa. Ya warke, alhamdu lillahi, amma har yanzu ina ganin kamar kuskure aka yi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ba kuskure aka yi ba, abin da ya cece shi ke nan. Idan insulin ya yanke, sukari yana taruwa a jini ya jawo ruwa daga cikin ƙwayoyin halitta, fotasiyam ya biyo ruwan, ga shi kuma babu insulin da zai mayar da shi ciki. Jiki kuma yana koma wa ƙona kitse, jini ya yi tsami, wanda shi ne ya jawo numfashin nan mai zurfi da kuka gani. A daidai wannan lokaci yawan fitsari da amai suna kwashe fotasiyam ɗin da ya fito su yi waje da shi. Sakamakon haka shi ne jini ya nuna 5.7 alhali jikin gaba ɗaya ya yi mummunar asara, wato ƙwarya cike, rumbu kuwa ya kusa zama fayau.

Da zarar an fara ƙarin ruwa da insulin, fotasiyam yana rugawa ya koma cikin ƙwayoyin halitta, kuma na jini yana iya faɗuwa cikin sa'o'i kaɗan zuwa inda zuciya da tsokar numfashi za su kasa. Saboda haka likitoci suke auna shi a kai a kai, su fara zuba shi a ruwa da zarar ya sauko cikin ma'auni kuma sun tabbatar maras lafiya yana fitsari. Idan ma tun farko aka same shi ƙasa da kimanin 3.5, fotasiyam ake fara bayarwa kafin insulin. Wannan hali na insulin ne kuma ake amfani da shi ta ɗaya ɓangaren: wanda fotasiyam ɗinsa ya kai matakin haɗari, ko da ba shi da ciwon sukari, akan yi masa allurar insulin haɗe da ruwan sukari domin a kawar da shi daga jini na 'yan sa'o'i, a ba shi kalsiyam ta jijiya don kare zuciya, kafin ƙoda ko injin wankin ƙoda ya fitar da shi. Ku riƙa tanadin kwalbar insulin ta gaba tun kafin ta hannu ta ƙare, kuma ko ranar da ba ya iya cin abinci kada ya bar allurar gaba ɗaya, ku nemi ma'aikacin lafiya ya daidaita masa adadin.

Tambaya daga wani dattijo a ƙaramar hukumar Sumaila, Kano: Likita, ina da hawan jini da sukari, ina shan losartan da spironolactone da metformin. Me zan kiyaye a watan azumi, kuma me zan yi idan gudawa ta kama ni da damina?

Amsa: Baba, Allah ya ja kwana. Losartan da spironolactone duka biyun suna riƙe fotasiyam, saboda haka kai kana cikin waɗanda ya kamata a auna wa ƙoda makonni kaɗan kafin azumi, likita ya faɗa maka ko za ka iya ɗauka, domin addini ya yi wa maras lafiya rangwame. Idan an yarje maka, abin kiyayewa shi ne buɗa-baki. Ƙoda ta wuni cikin ƙarancin ruwa, sai a haɗa mata dabino da kunun tsamiya da ƙosai da lemu da ayaba a zama ɗaya. Dabino ɗaya ko biyu ba su ne matsalar ba, tarin ne. Ka fara da ruwa, ka rarraba abincin tsakanin magariba da sahur.

Amai da gudawa kuwa suna da fuska biyu. Suna zubar da fotasiyam, wanda ya sa ake saka giram 1.5 na gishirinsa a ƙunshin ORS na lita ɗaya, abin da ruwan gishiri da sukari na haɗin gida ba shi da shi. Amma idan ruwan jiki ya ƙafe, ƙoda tana iya tsayawa, kuma a jikin mai shan magungunanka fotasiyam sai ya hau maimakon ya sauka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a dakatar da losartan da spironolactone da metformin a ranakun da mutum yake amai ko gudawa mai yawa, a koma musu bayan kwana ɗaya ko biyu da dawowar ci da sha. Ka tattauna wannan da likitanka tun kana lafiya, kuma idan fitsari ya ragu sosai kada ka kwana a gida.

Tambaya daga wani manomin rani a ƙaramar hukumar Auyo, Jigawa: Likita, an ɗebi jinina a ƙauye da safe, ɗan acaɓa ya kai shi gari, sai da yamma aka auna, aka ce fotasiyam 6.1. Hankalina ya tashi saboda yawan ciwon ƙoda da ake fama da shi a yankinmu na Haɗeja, na bar shan losartan. Bayan kwana uku na je da kaina aka sake ɗiba, aka sami 4.4. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Malam, alamu sun fi nuna cewa na biyun ne gaskiya, ko da yake barin maganin da ka yi ya ɗan gurɓata kwatancin. Fotasiyam ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ya ninka na ruwan jinin fiye da sau 20, saboda haka duk abin da ya fasa su ko ya sa suka yi yoyo a cikin kwalba zai ɗaga sakamakon ba tare da jikinka ya san an yi ba. Girgizar babur a hanya mai gargada tana yin haka, jinkirin sa'o'i kafin a raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa yana yi, haka ma ɗora kwalbar a kan ƙanƙara, domin sanyi yana tsayar da famfunan da ke riƙe shi a ciki. Tun a wurin ɗiba ma, ɗaure dantse ya daɗe, ko sa mutum ya yi ta dunƙule hannu yana buɗewa, ko matsa jini da ƙarfi ta siririyar allura zuwa cikin kwalba, duk suna ƙara lambar. Ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji yakan gane, domin ruwan jinin da ya kamata ya fito ruwan ɗorawa sai ya fito da ja-ja.

Ka koma wurin likitanka ya mai da kai kan losartan, a sake gwajin bayan mako ɗaya zuwa biyu da komawa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya fara wannan magani ko aka ƙara masa ƙarfinsa, kuma a ɗebi jinin a wurin da za a auna shi. A haɗa da gwajin fitsari na furotin, wanda yake nuna taɓuwar ƙoda tun da wuri. Nan gaba idan ka sake ganin 6.0 ko fiye, kada ka jira kwana uku, ka nemi a maimaita shi a ranar tare da gwajin wutar zuciya na ECG, domin a wurin mai shan losartan ba a ɗaukar irin wannan lamba a matsayin kuskuren kwalba sai an tabbatar.